Malam Bana-Ce da Kwalbar Murabba

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon Malam Lawali a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira ya san ba a gaishe shi a samu amsa irin ta mutane. Ka ce masa ina kwana, ya ɗago kai daga kan keke, allura a baki, ya ce, "Bana ce!" Ka ce ya iyali, ya ce, "Lafiya lau, bana ce!" Ka tambaye shi yaushe zai gama kaftanin da ka kawo tun kafin azumi, nan ma amsar ɗaya ce, sai dai wannan karon ba ta yi maka daɗi. Ku da kuka zauna da shi kun san zancen. Amma saboda sababbin ɗalibai da suka tarar ana kiransa Malam Bana-Ce ba su san mafari ba, bari in faɗa: ba Hajji yake nufi ba, ba komawa gida Damagaram ba. Nufinsa bana ce ƙungiyarsa ta ƙwallon kwando za ta shiga sahun huɗun farko, ta buga zagayen cin kofi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana faɗin haka.

Ni ne Isuhu tafinta, mai raka marasa lafiya asibiti. Lawali taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, saboda haka ina da izinin faɗin duk abin da zan faɗa, kuma da yana nan ma a gabansa zan faɗa. Ya girme ni da shekara ashirin, kuma tun ina rarrafe bawansa yake kirana. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka Alƙahira. A cikin motar da ta ɗauko mu muka fara musu, ba mu gama ba har ya rasu.

Karatu ya kawo shi Masar. Ya sha nahawu har ya ƙoshi, sannan ya ƙare a tela, amma Larabcin littafi bai taɓa sakinsa ba. Mai sayar da tumatir ma da shi yake yi masa magana, mutumin ya saki baki yana kallonsa, a zatonsa huɗuba za a fara. Tsawo kuwa, Allah bai ba shi ba. In ya zauna a kujerar metro, jirgin ƙasan cikin gari, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. To, irin wannan mutumin ne ya rasa wasan da zai so a duniya sai wasan dogaye.

Ina shagon ranar da abin ya fara. Wani dogon mutum ɗan Mali ya sunkuyo ya shigo, ya ce ya zagaye kasuwa bai samu jallabiyar da ta wuce masa gwiwa ba, ga Sallah ta matso. Lawali ya hau kujera don ya auna shi, bai kai kafaɗa ba. Ya hau tebur. Ya saki abin awo daga wuya zuwa ƙasa, abin awo ya ƙare, mutum bai ƙare ba.

"Bawan Allah," in ji Lawali daga kan tebur, "duk wannan tsawon me kake yi da shi?"

"Ƙwallon kwando nake bugawa."

"Kwando? Na wanki ko na cefane?"

Mutumin ya yi dariya, da ya dawo karɓar jallabiya ya kawo mana tikiti biyu. Ƙungiyarsa ta wani kamfanin tayil ce da ke bayan gari, rigarsu kalar kabewa, shi ya sa Lawali ya raɗa musu 'Yan Kabewa tun kafin a busa usur. Ranar an yi musu dukan kawo wuƙa. Ni na ɗauka daga ranar an gama, sai na waiwaya na ga idon mutumina ya kawo ruwa. Ya ce, "Isuhu, waɗannan marayu ne. Uba suke nema."

Kusa da mu akwai wani tsohon Bamasare, magoyin bayansu na tun fil azal, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa. Ya ce mana shi burinsa ɗaya kafin ya mutu, ya ga ƙungiyar nan ta shiga murabba'in zinare. Haka Masarawa suke kiran ƙungiyoyi huɗun da suka kai zagayen ƙarshe, murabba'i, wato mai kusurwa huɗu, da harafin ainun a ƙarshensa. In ka cire ainun ɗin kuwa, sai ya koma murabba, abin zaƙin nan da ake shafa wa burodi, wanda mu 'yan Nijar muke ce wa kwanfitir, 'yan Najeriya su ce jam.

Muna cikin metro za mu gida Lawali yana ta jan gemu. Can ya ce, "Isuhu, ashe duk wannan tsalle-tsallen a kan kwanfitir ake yinsa?"

"Wane kwanfitir?"

"Murabba mana. Na zinare ma wai. Ƙattai goma, gumi sharkaf, saboda abin shafa wa burodi! Ko da yake in mai kyau ne, ban ga laifinsu ba."

Jama'a, na yi dariya har sai da wata tsohuwa ta miƙo mini ruwa. Na ce, "Yaya Lawali, shekara ashirin kana zaune Ainu Shams, ainun guda ɗaya ta kuɓuce maka? Kai da kake gyara wa liman karatu?"

"Tsohon ne ba shi da haƙori."

"Ainun daga maƙogwaro take fitowa. Kai ka koya mini!"

"Bawa ba ya musu da ubangijinsa a bainar jama'a."

Ko kusa bai yarda ya yi kuskure ba. Muna sauka ya shiga kanti, ya fito da kwalbar murabba na ɓaure, ya kai ta shago ya ɗora a kan kantar da ke saman kekensa. Ya ce, "Ranar da 'Yan Kabewa suka shiga murabba'i, ranar za a buɗe wannan a sha murabba. Kafin nan ba mai taɓa ta. Ka ga ke nan ba kuskure na yi ba, gaba na hango."

Sai ga matarsa Hajiya Batula ta sauko masa da abinci, don a saman shagon suke zaune. Kun san Hajiya, Bahaushiyar Sudan, ba ta da yawan magana, amma abin da ya wuce ta bai wuce kowa ba. Tun da likita ya ce Lawali na da ciwon suga ta share gidan tas daga kayan zaƙi, ko shayi sai ta ɗanɗana kafin ya sha. Ta ɗaga kai ta ga kwalba.

"Malam, mene ne wancan?"

"Alkawari ne, ba abinci ba."

Ta dube shi, ta dubi kwalbar, ta ce, "Kwayis," wato da kyau. Ta ajiye kwano ta koma sama.

Tun daga nan ba wasan gida da ya wuce shi, ni kuma yana jana kamar akuyar kasuwa. Rigar ƙungiya kuwa ya ce ba zai saya ba yana tela. Wata mata ta kawo ɗinkin labule kalar kabewa, ƙyalle ya yi saura, ya ɗinka tasa da shi. Kun gan ta ai. Dogon hannu har wuyan hannu, wuya irin na kaftani, aljihun carbi a ƙirji, lamba huɗu da aikin zare a baya, ga furannin labule nan ɓaro-ɓaro. Na ce masa in ya tsaya kusa da taga za a ja shi a rufe ɗaki. Ya ce hassada ce.

Wata rana alƙalin wasa ya hana su maki. Masarawa suna ta zaginsa da irin nasu zagin, wanda ba zan iya maimaitawa ba. Lawali ya hau kan kujera, ya gyara murya, ya ɗaga yatsa, ya ce da Larabcin littafi tsantsa: "Ya kai wannan alƙali! Haƙiƙa hukuncinka ɓatacce ne ta fuska uku!"

Zauren ya yi tsit. Mai ganga ma ya dakata.

"Fuska ta farko, ka yi hukunci a kan abin da ba ka gani ba. Fuska ta biyu, wanda ka gani ba ka yi hukunci a kansa ba!"

Kafin ya kai ta uku wuri ya fashe da dariya da tafi, wani mai gadi ya zo yana cewa, "Ya Shehi, khalas, ya isa, zauna don Allah."

"Ban kai fuska ta uku ba!"

Aka zaunar da shi da ƙyar. Bayan mako biyu aka sake kawo alƙalin nan. Kafin a fara wasa ya tako har gaban layinmu ya ce, "Ya Shehi, wallahi abin ya tsaya mini a rai. Mece ce ta ukun?"

Lawali ya ce, "Na manta. Amma ita ta fi muni."

Daga ranar duk zauren Shehu Murabba suke kiransa. Yadda aka yi Masarawa suka ji labarin kwanfitir kuwa, yau dai zan amsa laifina: ni na ba su, kuma na ƙara gishiri.

Kalma ɗaya ce ba a faɗa a shagonsa, ita ce baɗi. Shekarar da saura ƙiris 'Yan Kabewa su faɗa rukunin 'yan dagaji, Alhaji Sabo ɗan Kano, mai safarar abaya, ya zo karɓar wandonsa. Ya ga Lawali a takure, sai ya ce don ya sanyaya masa rai, "Ma'alish, Malam, a yi haƙuri. Sai baɗi kuma."

Keke ya tsaya cak.

"Baɗin wa? Wa ya sa maka hannu a takardar baɗi? Kai ka ga baɗi da idonka? Mutum yana da bana a hannunsa, ya sake ta ya kama abin da ba a ba shi ba!"

"Bana ai ta ƙare, Malam. An gama gasa."

"In an fara wata, sunanta bana."

Ya zaro wandon daga ƙarƙashin allura, ƙafa ɗaya a ɗinke, ɗaya a buɗe, ya rataye shi a ƙusa. Alhaji Sabo ya ce, "To yanzu yaushe zan dawo in karɓa?"

Lawali ya ce, "Baɗi."

Sau biyu kawai na taɓa jin ya yi wa wani alkawari da kalmar nan. Wannan ne na farko.

To, sai ga kakar wasan da ta wuce. Aka kawo sabon koci, aka sayo 'yan wasa biyu, abin mamaki 'Yan Kabewa suka fara ci. Suka ci, suka sake ci, suka je gidan wasu suka ciyo. Shagon Lawali ya koma majalisa. Ɗalibai, 'yan kasuwa, har da waɗanda ba su san ko ƙwallon kwando da ƙafa ake bugawa ba, kowa ya zo ya ɗaga kai ya kalli kwalba, ana ta muhawara ɗaya: da gaske ne ƙungiyar nan ta isa shiga murabba'i, ko sa'a ce kawai ta 'yan makonni?

Ni nake jagorantar masu cewa sa'a ce. Shekara goma sha ɗaya ana jana zaure, na san wasan fiye da mai jan nawa, kuma ba na iya ganin gaskiya in yi shiru, wannan halina ne. Na ce sun gyaru, ban musa ba. Amma waɗanda suka ci duk ragwaye ne, ba su gamu da manyan gari ba tukuna. Mutum biyar ɗin farko suna da kyau, amma in ɗaya ya gaji ka waiwaya bencin 'yan canji sai ka ji tausayi. Sannan ga jifan nan da ake ba mutum in an yi masa keta, shi kaɗai, ba mai tare shi, kwando na kallonsa yana kallon kwando. 'Yan Kabewa sai su zubar da rabi. Na ce ƙungiyar da ba ta iya cin kyauta ba, yaya za ta ci abin da ake ƙwata?

Lawali ya ce, "Kai idonka na kan jifa. Dubi tsaron gida! Bana ko sauro bai isa ya ratsa su ba."

"Tsaron gida ba ya jefa ƙwallo a kwando."

"Sannan na ga kocin nan ranar Juma'a a sahun gaba."

"Kocin abokan karawarsu ma yana sallah."

"A sahu na uku."

Suka gamu da ɗaya daga cikin manyan gari, suka ci su da ƙyar. Ranar Lawali ya sa rigar labule ya zagaye layinmu sau biyu, ya gaisa har da mutanen da suke gaba. Daga nan sai babban ɗan wasansu ya gurɗe, aka ci su sau uku a jere, suka gangaro na biyar. Na shigo shagon da yamma, na gaji, na wuni a tsaye a asibiti, raina a ɓace. Shago cike da mutane. Ina shiga ya ce, "Ga bawana mai baƙin baki ya iso. Ku matsa masa, kada ya shafa muku." Aka yi dariya. Ya ƙara da, "Bana ce, ko ka so ko ka ƙi."

Sai na ce, "Yaya Lawali, wallahi za a rufe ka da ƙasa kwalbar nan tana nan a rufe."

Ba wanda ya yi dariya. Tsakanin taubasai ana faɗin abin da ya fi wannan, mun sha yi wa juna fatan mutuwa muna shan shayi. Amma ranar ba da wasa ta fito ba, kowa ya ji, ni ma na ji. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya mai da kai kan keke, ya ce a hankali, "Bana ce." Ban san cewa tun watanni kafin nan likita ya gaya masa ƙodarsa ta gaji ba. Shi da Hajiya kaɗai suka sani.

Bayan mako biyu aka kwantar da shi. Maganar nan ta hana ni sakat. Ni da aikina ke nan, kullum ina tsakanin likita da majiyyaci, na san fuskar likita in ba labari mai daɗi, kuma na gan ta. Lawali kuwa ko a gadon asibiti bai yarda in yi masa tafinta ba. Ya bayyana wa likita ciwonsa da Larabcin littafi, ta fuska huɗu, har likitan ya ja ni gefe ya tambaye ni ko mutumin alƙali ne a ƙasarmu.

Ranar da muka rage mu biyu na ce, "Yaya, maganar da na faɗa a shago. Ka yafe mini."

"Wace daga ciki? Maganganunka na banza suna da yawa."

"Ka san wadda nake nufi."

"Zan yafe. Amma sai ka faɗa da bakinka cewa 'Yan Kabewa sun isa."

A lokacin sun farfaɗo, sun ci biyu, saura wasa ɗaya. In sun ci sun shiga, in an ci su shi ke nan. Na buɗe baki zan ce sun isa, wallahi na yi niyya, sai na ji kaina ina cewa, "Sun gyaru."

"Ba gyaruwa na tambaye ka ba."

"Yaya, ba zan yi maka ƙarya a gadon asibiti ba. Ba su da benci."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Jinin gidanmu ne, ba ka da laifi. To ji nan. Ranar wasan ka sa rigata, ka zauna a kujerata, ka faɗi abin da nake faɗa, da ƙarfi, ba a cikin hanci ba. In sun shiga ka buɗe kwalba, na yafe."

"In ba su shiga ba fa?"

Ya kalli silin. Ya ce, "Sai ka koma baɗi. Ai kai kana da ita."

Wannan ne karo na biyu da ya yi alkawari da baɗi. Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Ya rasu ranar Talata da hantsi, saura kwana tara a yi wasan. Da yawanku kuna wurin jana'iza. Muna zuba ƙasa ina tuna kwalbar tana can a rufe, kamar yadda bakina ya faɗa, na ji na tsani harshena.

Ranar wasa na sa rigar. Ku dube ni, ku tuna girman Lawali. Ta tsaya mini a saman cibiya, hannun ya ƙare a gwiwar hannu, lamba huɗun ta miƙe har ta kusa zama alifi. Haka na shiga metro, mutane na matsa mini ba don girmamawa ba. A zaure na tarar an bar kujerarsa ba kowa. Wani ya ce, "Ina Shehu Murabba?" Na faɗa musu. Magana ta bi layi-layi, sai na ga mutane suna miƙewa, har mai ganga, suka ɗaga hannu suka yi masa Fatiha.

Wasan ba zan iya ba ku labarinsa dalla-dalla ba, rabinsa idona a rufe yake. Abin da na sani, saura daƙiƙa biyu maki ya zama kunnen doki, aka yi wa ɗan wasanmu keta, aka ba shi jifa biyu. Wa aka ba? Wanda duk ya fi su zubarwa, mutumin da na sha cewa ko rijiya aka ba shi sai ya jefa a gefe. Ya jefa na farko, ya bugi ƙarfe ya dawo. Ban san lokacin da na hau kan kujera ba. Na ji riga ta yage a hammata, na buɗe maƙogwaro na ce, "Bana ce!" Masarawan layinmu, waɗanda ba su san ma'anarta ba sai dai sun shekara goma sha ɗaya suna jinta, suka amsa, "Bana ce! Bana ce!"

Ya jefa na biyu. Ta zagaye bakin ƙarfen, ta yi kamar za ta fita, ta faɗa ciki.

Washegari na buɗe shago na sauko da kwalba, na sayi gurasa, na hau sama wurin Hajiya Batula, tana zaune cikin takaba da 'yan'uwanta mata. Alhaji Sabo da wasu mutum uku suka biyo ni, muka tsaya daga bakin ƙofa. Na ce, "Hajiya, sun shiga. Ya ce in buɗe." Na riƙe murfin da ƙarfi, don na san abin da ya shekara goma sha ɗaya a rufe ba zai buɗu da daɗi ba, ina kuma tunanin warin da zai fito.

Murfi ya juya salin-alin. Na leƙa. Murabba sabo fil, ya yi rabi, ga sawun cokali a ciki.

Na ce, "Hajiya, wa ya taɓa kwalbar nan?"

Ta ce, "Ya zol, bawan Allah, kai da hankalinka ka ɗauka ɗan'uwanka zai zauna ƙarƙashin zaƙi shekara goma sha ɗaya yana kallo? Duk ranar da suka ci wasa, in ya rufe shago, cokali ɗaya yake sha. In ta ƙare ya sayo irinta ya mayar. Jikin kwalbar yake shafewa daga ciki don a ga kamar a cike take."

"Alkawarin fa?"

"Na kama shi tun shekarar farko. Ya ce a gaban mutane ya yi alkawarin, saboda haka a gaban mutane yake aiki."

Alhaji Sabo ya zauna a kan matakala yana riƙe da ciki don dariya. Na ce, "Kika bar shi, da ciwon suga?"

"Wa ya bar shi? Duk sabuwar da ya sayo, in ya tafi masallaci sai in sauka in juye, in cika masa da nawa da nake dafawa ba sukari."

"Bai gane ba?"

"Kullum yana mita wai Masarawa sun daina iya murabba." Ta yi murmushi, ta share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Kuna ta musu a ƙasa, sun isa, ba su isa ba. Da kun tambaye ni. Ni ban taɓa ganin ƙwallon nan ba, amma da can kwalba ɗaya takan kai shi shekara har ta yi saura. Bana sau uku ina ɗora tukunya. Tun a ta biyu na san za su shiga."

Muka yaga gurasa muka lakata, kowa ya samu. Gaskiya ba daɗi, Lawali bai yi ƙarya ba. Amma ban bar ko ɗigo a jikin kwalbar ba, kuma da na haɗiye na ji wani abu da ya tokare mini ƙirji tun ranar shagon nan ya sauka.

Masu tambaya yadda aka ƙare a murabba'in, an fitar da su a zagayen farko, ba su ko ji ƙamshin kofi ba. Benci ne, kamar yadda na faɗa, kuma da yana nan sai na faɗa masa. Amma sun isa, Yaya Lawali. Ga shi na faɗa da bakina a gaban mutane, inda alkawari yake aiki. Na kai rigar an ƙara mata ƙyalle, kujerarka kuma ba wanda zai zauna a kai sai bawanka.

Allah ya jiƙan Malam Lawali, ya yafe masa cokulansa da sauran kurakuransa, ya ba Hajiya Batula haƙuri da ladan tukunyarta. Allah ya shayar da shi zaƙin da ba likita a bayansa, ya saukar da shi gidan da ba a cewa sai baɗi. Amin.